Faɗan miji da mata a fim: masu kallo na dariya, masu sharhi na tsaki

Je ka shagon masu tura fina-finai a waya a Bulumkutu, ko Gwange, ko bakin Kasuwar Monday a Maiduguri, ka ɗan tsaya ka ji abin da mutane ke tambaya. Bayan masu neman sabon Labarina da masu neman fassarar Algaita, ba za ka daɗe ba sai wani ya miƙa waya ya ce a sa masa "na dariya". Na dariyar nan kuwa sau da yawa ɗan gajeren fim ne da wasu samari suka haɗa da kuɗin aljihunsu, babu wani babban kamfani a bayansu. Tsakar gida ɗaya, tabarma, buta, murhu, miji da mata, sai faɗa. Shi ya dawo hannu rabbana, ita kuma tun safe take jiransa da lissafi a baki.

Kafin mako ya zagayo fim ɗin ya shiga wayar mai keke napep da ta ɗalibar jami'a da ta matar aure a cikin lungu. Daga nan sai masu sharhi su fito. Kashi biyu ne su, kuma ko da yake ba sa ga maciji da juna, a kan wannan bakinsu ɗaya. Kashi na farko 'yan boko ne masu duba hoto da sauti da tsarin labari. Su ce wannan ai camama ce, ba rubutu, ba fasali, an dai kunna kyamara an ce kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Kashi na biyu masu kishin tarbiyya ne. Su ce ina saƙon, ina darasin, ana koya wa mata tsiwa, ana zubar da girman maigida a gaban 'ya'ya. Masu kallo kuwa ba su san ana yi ba. Sun kalla, sun tura wa 'yan'uwa, wata ta rubuta a ƙasa cewa wallahi kamar a gidansu aka ɗauka.

Ni a wannan rigima ina tare da masu kallo, amma ba a komai ba, zan zo kan wannan.

Raina wasan dariya ba yau aka fara ba. Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, ya shafe rayuwarsa ta fim ana kiran aikinsa camama, ana ware shi daga manyan fina-finan da ake ce wa masu ma'ana, alhali 'yan kasuwa sun san kaset ɗin wa ke fara ƙarewa. A 2008, zamanin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabancin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, har gidan yari aka kai shi na wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. Sai da ya rasu a Disambar 2014 aka fara jin waɗanda ke tsaki da shi suna cewa an yi rashin gwani. Kafin Ibro ma akwai Samanja da Kasimu Yero da Karkuzu a talabijin, kuma wanda ya kalli New Masquerade a NTA bai manta yadda Apena ke gasa wa mijinta Jegede aya a hannu ba. Kowace al'umma mai aure tana da wannan wasan, domin zo mu zauna, zo mu saɓa.

Abin da masu sharhi ba su cika lura da shi ba shi ne a kan me ake faɗan. A manyan fina-finai, rigimar aure a kan kishiya ce, ko asiri, ko dukiyar gado, a cikin falo mai kujeru na alfarma da hayaƙin turaren wuta. A ƙananan nan kuwa faɗan cefane ake yi. Kuɗin niƙa, kuɗin gawayi, kuɗin makarantar allo na Laraba, bashin mai shago, ankon bikin ƙanwa, cajin waya. Mutumin Maiduguri ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Garin nan an hana acaba tun 2011, samari da yawa suka rasa abin yi dare ɗaya. An sha dokar hana fita. Daga farkon 2021 aka yi wata da watanni babu wutar lantarki bayan an lalata turakun da ke kawo ta daga Damaturu. A ƙarshen shekarar aka rufe sansanonin 'yan gudun hijira na cikin gari irin su Bakassi, wasu suka koma garuruwansu, wasu suka cusu a gidajen haya da na dangi. Gobara ta cinye Kasuwar Monday a Fabrairun 2023, aka cire tallafin mai a Mayun shekarar, sannan a Satumbar 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya shanye Gwange da sauran unguwanni masu yawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya shiga ɗakin aure ya zauna. Akwai manomin da ya baro gonarsa a Bama ko Konduga, yau matarsa ce ke riƙe da gida da ɗinkin hula ko suyar ƙosai, shi kuma har yanzu so yake a kira shi maigida a durƙusa. Idan irin wannan mutum da matarsa suka ga wani a waya yana ɗaga murya da aljihu wayam, matar ta ce masa "Malam, ihun ba ya dahuwa a tukunya," dariyar da za su yi tare ta fi nasihar awa guda amfani a gare su. Sun ga kansu, kuma babu wanda ya nuna su da yatsa.

Shi ya sa Kamaye da Adama na Daɗin Kowa suka shiga ran mutane. Shirin Arewa24 ne, yana da marubuta da tsari, ba a kwatanta shi da aikin samarin unguwa, amma jijiyar ɗaya ce: talauci ne ke haɗa su faɗa.

Ga kuma wani abu na sana'ar kanta da 'yan boko ya kamata su fi kowa ganewa. A ƙa'idar fim ɗin Hausa namiji ba ya taɓa mace. Babu runguma, babu kokawa, babu jan hannu. Duk abin da ɗan wasan wata ƙasa zai yi da jiki, namu da baki zai yi shi. To a nan ne Hausa ke nuna ƙarfinta: habaici, gatse, gugar zana, baƙar magana, shaguɓe, waƙar da mace ke rerawa tana shara ba ta kalli kowa ba amma kowa ya san da wa take. Ta ce "sannu da ƙoƙari" a inda babu ƙoƙarin, ya ce "Allah ya ba ki haƙuri" da muryar da ta fi zagi ciwo. Ba ta kiran sunansa, sai "Baban Ummi", amma yadda za ta ja sunan kaɗai ya isa a gane yau babu zaman lafiya. Wannan gwaninta ce, kuma gadonta a wajen 'yan kama yake da wasan tashe da habaicin matan amada. Mai sharhin da zai ɓata shafi guda yana ƙorafin hasken fitila, bai ce uffan ba a kan wanda ya iya ajiye magana a daidai gurbinta da wanda ya yi gaggawa ya kashe dariyar, bai duba abin da aka zo sayarwa ba. Gaskiya ne sautin yakan yi muni, iska na kaɗa makirfo, akuyar maƙwabta na kuka a baya. A gyara. Amma wannan matsalar kuɗi ce, kuma kuɗi na zuwa.

Masu neman darasi kuwa, su ne ma suka fi yi wa waɗannan fina-finai illa, don an saurare su. Saboda tsoron a ce babu saƙo, kusan kowane fim yanzu sai ya ƙare da wani dattijo ko liman ya shigo da carbi a hannu, ya zaunar da ma'auratan, ya yi minti biyar yana jawabi, matar ta durƙusa ta ce "na tuba, maigida". An liƙa shi ne kawai kamar facin baƙin zare a farar riga. Masu kallo sun san haka, shi ya sa da dattijon ya yi sallama suke tsallakewa zuwa na gaba. Wa'azi yana da wurinsa, kuma Maiduguri ba ta rasa malamai ba, gari ne na Alƙur'ani tun kafin a san kyamara. Ɗan wasan barkwanci idan ya ari rawanin malami, ba ya zama malami, dariyar ma ta kuɓuce masa.

Yanzu ga inda na rabu da masu kallo. Suna dariya ga abin da bai kai ba, kuma masu shiryawa sun gano haka sun kwanta. A mafi yawan waɗannan fina-finai mace ce masifaffiya tun daga sallama har ƙarshe, mijin kuma bawan Allah ne da aka jarrabe shi. Ko a juya, a mai da shi sakarai, ita mai wayo. Duka biyun lalaci ne. Faɗa ba ya daɗin kallo sai kowa yana da gaskiyarsa, har mai kallo ya rasa bayan wa zai bi: ita ta yi gaskiya da ta ce kwana uku ba a ɗora tukunya da kuɗinsa ba, shi ma ya yi gaskiya da ya ce tun asuba yake tashar Baga bai samu lodi ba. Halima Atete, wadda 'yar garin nan ce, ta yi suna a Kannywood da fitowa a mace mai zafin kishi, kuma abin da ya sa aka riƙe ta a fim ɗin Ɗakin Amarya shi ne ana ganin tsoron da ke ƙarƙashin masifar. Masu kwaikwayonta a ƙananan fina-finai sun ɗauki ɗaga murya da murguɗa baki, sun bar tsoron a baya.

Akwai kuma wasa da saki. Ba a minti uku sai miji ya zaro biro da takarda, a mai da shi abin dariya. A nan masu kishin tarbiyya suna da hujja, ko da ba ta hanyar da suke kawo ta ba. Ni abin da ya dame ni shi ne takardar tana kashe wasan. Da an ambace ta, gardama ta ƙare, ƙarfi ya koma hannu ɗaya, babu sauran abin da matar za ta faɗa da zai ba da dariya. Haka nan mari. Duk fim ɗin da ya kai ga ɗaga hannu, marubucinsa ya rasa abin cewa ne. Wannan shi ne sukan da nake so in ji daga masu sharhi, domin shi mai shirya fim zai iya ɗauka ya yi aiki da shi gobe, saɓanin a ce masa "shirme" a wuce.

Samarinmu na nan gari kuma su daina wahalar da kansu wajen kwaikwayon Hausar Kano. Faɗan gidan Maiduguri yana da nasa ɗanɗano. Matar Babarbariya ce, ta faro da Hausa, da rai ya ɓaci ta koma Kanuri. Mijin Babur ne ko Marghi, rabin maganar yake ji, ya tsaya yana tambayar ɗansa me uwarsa ta ce, yaron kuma yana rage zafin fassarar don kada a haɗa da shi. Maƙwabciya Shuwa ta leƙo ta katanga rabon faɗa, ta ƙare da ɗaukar ɓangare. Ba a buƙatar sabuwar kyamara kafin a ɗauki wannan. Ana buƙatar mutum ɗaya ya zauna da biro kwana biyu kafin ranar ɗauka, ya rubuta wa matar dalilinta, ya rubuta wa mijin nasa, ya kuma sallami dattijon mai carbi.