Hasashe Ba Duba Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata kalma da nake so mu tsaya mu dube ta da idon basira, watau "hasashe". Abin da ya jawo hankalina gare ta kuwa shi ne wata muhawara da muka yi da mahaifina lokacin hutu. An faɗa a rediyo cewa masana sun yi hasashen ruwa zai ɗauke bayan saukar fari, don haka manoma su dakata da shuka. Tsoho ya kashe rediyo, ya ce shi ba ya sauraron 'yan duba, gaibu sai Allah. Ya yi shuka, iri ya ƙone a ƙasa.

Ni ban ga laifinsa ba. Laifin na masu fassara labarai ne, waɗanda suka mai da kalmar nan jakar magori. Yau ka ji "boka ya yi hasashen wanda zai ci zaɓe", gobe ka ji "likitoci sun yi hasashen ɓarkewar sanƙarau". To, yaya mutumin karkara zai bambanta su?

Alhali kuwa Hausa ba ta yi talaucin kalmomi a nan ba. Duba shi ne aikin mai bugun ƙasa ko mai wuri, wanda ke da'awar ya leƙa abin da ke ɓoye, kuma addini ya hana zuwa wurinsa. Kintace shi ne faɗin abu da ka, in an dace an dace. Hasashe kuwa, a ganina, shi ne a dubi alamun da ke fili, a auna su da abin da aka saba gani, sannan a faɗi abin da ake zato zai auku. Mai hasashe yana iya nuna hujjarsa, kuma ya yarda zai iya kuskure. Ɗan duba ba ya yin ko ɗaya.

Abin mamaki, mahaifina kansa gwanin hasashe ne. In ya ga shamuwa ta dawo, gawo ya fara zubar da ganye, sai ya ce a gyara gona. Malaman garinmu kuma suna lissafin taurari 28, kowane da kwana 13, ban da guda mai 14, su ce damina ta kama. Ba wanda ya taɓa kiransu bokaye. Hukumar NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003, irin wannan aiki take yi, sai dai ita da ma'aunin ruwa da na iska da hotunan tauraron ɗan'adam take yin nata. Ai Bahaushe ne ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Wani zai ce harshe ba ya tsayawa wuri ɗaya, ma'ana takan faɗaɗa. Haka ne. Amma faɗaɗar da za ta sa manomi ya yi asarar irinsa ɓarna ce. Saboda haka ina roƙonmu, mu da za mu shiga gidajen rediyo da jaridu gobe, mu bar wa boka dubansa, mu tsare wa hasashe mutuncinsa. Allah Ya sa mu dace, amin.