Sharhi: Kwamin Renon Iri a Fadamar Haɗeja

Ana yabon kifin Haɗeja, ana yabon shinkafarta, kuma duk sun cancanta. Amma ni in aka ce in zaɓi abu guda da ya fi burge ni a wannan ƙasa, wallahi kwamin renon iri zan nuna. Ɗan fili ne da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, amma daga cikinsa ake fitar da dashen da zai cika gona.

Aikin yana farawa ne da ɗaukewar damina, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. A lokacin fadama tana cike da ruwa, rana kuma da sauran zafinta. Shi ya sa mai lambu a Auyo ko Kirikasamma ba ya zaman jiran kogi ya janye. Sai ya nemi ɗan tudu, ya farfasa ƙasa ta yi laushi, ya gauraya ta da ruɓaɓɓen taki, ya yafa iri sama-sama, ya rufe da busasshiyar ciyawa don kada rana ta ƙone shi ko ruwan bayi ya kwashe shi. Kai, zo ka ga ban ruwa! Safe da yamma, yayyafi-yayyafi, hannu ba ya rawa. Ranar da tsiro ya leƙo, ranar ake ɗage ciyawar, domin in aka makara sai ya fito dogo, fari, ba ƙwari. Wannan ido da ke gane ranar, shi nake sara wa.

Kowane iri kuma da halinsa. Tumatir mai gaggawa ne, mako uku zuwa huɗu ya isa dashe. Tattasai da attaruhu sai an lallaɓa su, suna kai mako biyar ko shida. Albasa ce mai jan rai, takan ci mako shida zuwa takwas kafin ta yi kaurin da ake so. Karas kuwa ba ruwansa da dashe, inda aka zuba shi nan zai girma. Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne yadda lissafin yake faɗawa daidai: dashe yana isa, ruwa ya janye ya bar laka mai albarka, sanyin hunturu yana kunno kai. Tumatir da albasa kuwa sanyi suke so. Ma sha Allah!

Kada a ɗauka a sauƙaƙe ake samun wannan. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta sauya, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama a yankin Guri da Nguru. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki masu yawa a Jigawa. Tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta yi ɓarna mai muni a Arewa a 2016. Duk da haka, Oktoba na zagayowa za ka tarar da mutanen nan durƙushe a bakin kwami. Wanda yake kusa da magudanan aikin noman rani na kwarin Haɗeja, da ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, yana shan ruwa daga can. Saura kuwa injin ban ruwa ne da rijiyar fadama.

Ga mai sha'awar ɗan lambu a bayan gida, a Kano yake ko a Maraɗi, shawarata ita ce ya kwaikwayi mutanen Haɗeja: ya reni irinsa da kansa, ya rage masa ruwa ana saura kwanaki kaɗan a cire shi don ya yi ƙwari, ya yi dashe da yamma bayan la'asar, ya bi shi da ruwa nan take. Zuwa Janairu, in Allah Ya so, zai ci miya da tumatirin hannunsa.