Idon Gida da Idon Baƙo: Nazari a kan Zane-zanen Henry Tanner

Duk wanda ya duba hotunan Abzin da aka saba sayar wa masu yawon buɗe ido a Agadas zai iske abu uku: raƙumi, rawani da tudun rairayi. Da wuya ya ga manomin Tabelot tsugune a garkarsa a gindin dutsen Bagzan, yana ban ruwan albasa. Wannan giɓi ne ya sa rayuwar wani mai zane Ba'amurke, Henry Ossawa Tanner, ta cancanci nazarinmu.

An haifi Tanner a birnin Pittsburgh a 1859. Mahaifinsa babban limamin coci ne, mahaifiyarsa kuwa a cikin bauta aka haife ta. Ya koyi zane a Philadelphia a hannun Thomas Eakins, jigo a mazhabar zana abu yadda yake a zahiri, ba ƙari ba ragi. Wariyar launin fata ta ƙuntata masa, don haka a 1891 ya ƙaura zuwa Paris, inda ya rasu a 1937.

A 1893 ya yi zanen da ya fi shahara da shi, wato Darasin Banjo. Banjo kayan kiɗa ne mai tsirkiya wanda asalinsa ke komawa ga dangin molo da gurmi na Afirka ta Yamma. A zamanin, Turawa kan shafa baƙi a fuska su riƙe shi a dandali don yi wa baƙar fata ba'a. Tanner ya ɗauke shi daga dandali ya mai da shi ɗaka. Ga dattijo zaune, ga yaro jingine da shi yana laluben tsirkiya, ga tukwane a ƙasa. Hasken taga ya faɗo ta gefe guda, na murhu ta ɗaya gefen, suka haɗu a kan yaron. Babu mai dariya, babu mai kallonmu. Hankalinsu na kan aikinsu. A 1894 ya sake irin wannan a Talakawa Masu Godiya, inda tsoho da yaro ke addu'a a gaban ɗan abincin da bai taka kara ya karya ba. Talaucin a bayyane yake, amma mutunci ya rinjaye shi.

Sai dai daga nan Tanner ya juya ga labaran littattafan addininsa, waɗanda suka jawo masa suna, har gwamnatin Faransa ta sayi zanensa na tashin Li'azaru a 1897. Ya ziyarci Aljeriya a 1908, sannan Maroko a 1912. A zane-zanensa na Tanja, abin da ya cika ido shi ne ƙofar gari, ganuwa da shuɗin haske. Mutanen kuwa sun zama ƙananan siffofi cikin alkyabba, fuska ba ta fita. Gwanintar fenti ta ƙaru, kusanci ya ragu. Wanda ya san darajar dattijon gidansu, da ya zo Afirka sai ya tsaya a bakin ƙofa. Idon baƙo ba ya wuce zaure.

Ba zargi ba ne wannan, domin baƙo ba ya shiga inda ba a yi masa iso ba. Darasin dai shi ne, gaskiyar zane daga zama da mutane take fitowa, kaifin ido kaɗai ba ya isa. Saboda haka kada mu jira mai kyamara daga waje ya nuna mana Tabelot. Uban da ke koya wa ɗansa buɗe ruwa daga fangali zuwa fangali, da matar da ke saƙa tabarmar kaba da hantsi, su ne namu Darasin Banjo. Ɗan gida ne kaɗai zai iya zana su, kuma har in bai yi ba, raƙumi da rairayi za su ci gaba da magana da yawunmu.