Mudu Biyu A Kasuwa Ɗaya: Sharhi Kan Kotu A Ƙagaggun Labaranmu

Duk mai bibiyar ƙagaggun labarai da wasannin kwaikwayo na Hausa ya san yadda aka saba fito da azzalumin alƙali: mai kwaɗayi, wanda ake kai wa toshiyar baki da dare, da safe ya murɗe gaskiya. A ƙarshe asirinsa ya tonu, mai karatu ya yi hamdala. A ganina wannan siffa ta tsufa, kuma tana ɓoye zaluncin da ya fi muni, wato wanda ake yi da izinin doka.

Ba sai mun yi nisa ba. Jolly Nyame ya mulki Jihar Taraba daga 1999 zuwa 2007. Shari'arsa kan almundahanar naira biliyan 1.64 ta ci shekara goma sha ɗaya kafin Mai Shari'a Adebukola Banjoko ta ɗaure shi shekara 14 a 2018. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da ita 12, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2020. A 2022 Shugaba Buhari ya yi masa afuwa, ya bar kurkukun Kuje. Sashe na 175 na Tsarin Mulki ya yarda da haka. To, amma a 2000 an yanke hannun Buba Jangebe a Zamfara saboda satar saniya, kuma hannu ba ya tohowa da afuwa. Ina alƙalin da marubuci zai tona wa asiri a nan?

A Yammacin Kogin Jodan ma abin a rubuce yake. Tun 1967 kotun soja ke yi wa Bafalasɗine shari'a, Bayahude ɗan kaka-gida kuwa, ko da laifinsu ɗaya, kotun farar hula ta Isra'ila yake zuwa.

Irin wannan jigo ya fi wuyar sarrafawa, domin babu mugun mutum guda da za a ɗora wa laifi. Dole marubuci ya san yadda ake ɗage ƙara, da sharuɗɗan beli, da dalilin da ya sa kusan kashi biyu cikin uku na fursunonin Nijeriya jiran shari'a suke yi. Wannan kuwa sai ya ajiye alƙalami, ya je ya zauna a bencin kotun majistare a nan Jalingo, ya saurari yadda akawu ke kiran sunaye.