Kafin Aljabara: Littattafai Uku da Na Auna

Ranar da na gane akwai matsala, daga aikin dare na dawo, ko takalmi ban cire ba. Babbar 'yata mai shekara 10, wadda muke karantarwa a gida nan Amurka, ta tare ni da murna: ta gama lissafin aji shida a wata manhajar intanet da muke biya duk wata. Na ce ma sha Allah. Sai na tambaye ta, shida a raba da rabi nawa ne? Kafin in rufe baki ta ce 12. Na ce to me ya sa aka raba abu kuma ya ƙaru? Ta yi shiru, can ta ce, "Mama, ai juya na biyun ake yi a ninka." Amsar daidai ce, amma ba ta san dalilinta ba.

Laifin nawa ne. Ni ce nake shiga zauren dangi a WhatsApp ina shelar ta tsallake aji biyu. Ga shi kuma aikina ya koya mini haɗarin wannan. A ce yaro mai kilo 12, likita ya rubuta miligiram 15 a kowane kilo, ka ga 180 ke nan. Idan ruwan maganin yana da 160 a cikin mililita 5, za a ba shi kusan 5.6. Ma'aikaciyar jinyar da ta haddace ƙa'ida kawai, in ɗigo ya zame mata ta ga 56, tana iya ɗurawa. Wadda ta fahimci lambar kuwa, da gani za ta ce haba, wannan ya yi wa ɗan ƙaramin yaro yawa. Irin ta biyun nake so 'yata ta zama.

Shi ya sa kafin mu shiga aljabara na nemo manhajoji uku da iyaye masu karantarwa a gida suka fi ambata, na zauna da su a ranakun hutuna.

Na farko Saxon. John Saxon tsohon hafsan sojan saman Amurka ne da ya koma koyarwa a Oklahoma, ya fitar da littafinsa na aljabara a 1981. Tsarinsa shi ne sabon abu ɗan kaɗan kowace rana, sai tambayoyi kamar 30, yawancinsu bita ce ta abin da aka wuce. Kamar tilawar allo: maimaici har ya zauna. Ga yaro mai mantuwa, ko uwa mai aikin awa 12 da ke buƙatar littafin da yaro zai bi shi kaɗai, wannan alheri ne. Amma a ganina, yaron da ke kama abu da gani ɗaya zai iya gama shafin ba tare da ya tsaya tunani ba, domin an riga an nuna masa hanya, shi dai ya bi.

Na biyu lissafin Singafo, wanda ma'aikatar ilimin ƙasar ta fara fitarwa a 1982 da sunan Primary Mathematics. Ƙarfinsa zanen sanduna ne. Misali, an raba dala 84 tsakanin wa da ƙane, na wan ya ninka na ƙanen sau biyu. Yaro zai zana sanda ɗaya ta ƙane, biyu na wa, ya ga sanduna uku su ne 84, kowace 28. Wannan fa aljabara ce ba tare da harafi ba; ranar da aka ce masa x + 2x = 84, ba baƙon abu zai gani ba. Inda ya nauyaya shi ne yana buƙatar babba a gefe. In ke kanki da haddar ƙa'ida kika tashi, kamar yawancinmu, sai kin fara koyon zanen kafin ki koyar.

Na uku Prealgebra na Art of Problem Solving, kamfanin da Richard Rusczyk ya kafa a 2003. Littafin ya fito a 2011, kuma kifa darasi yake yi: tambayoyi ne a gaba, bayani a baya. Sai yaro ya yi ta fama tukuna, sannan ya karanta yadda ake warwarewa. Babin farko ma komawa yake kan tarawa da ninkawa, abin da 'yata ta ɗauka ta wuce tun tana shekara 7, ya tilasta mata faɗin dalilin kowane mataki: me ya sa in aka ninka lambobi biyu da ke ƙasa da sifili amsar take hawa sama da shi, me ya sa rabawa take komawa ninkawa. Wasu tambayoyin daga gasannin lissafi irin MATHCOUNTS da AMC aka ɗauko su. Akwai littafin amsoshi mai cikakken bayani, da Alcumus, dandalinsu na atisaye kyauta.

Shi na zaɓa, amma ba zan ce ya dace da kowa ba. Rubutu ne mai yawa da Turanci, yaron da karatunsa bai nuna ba zai sha wahala. Bitarsa kuma ba ta kai ta Saxon ba, sai uwa ta tsara nata. Sannan yana buƙatar haƙurin da ni kaina ba ni da shi da farko. In na ga ta yi minti 20 a kan tambaya ɗaya, sai hannuna ya kai kan biro. Abbansu ne ya ce, "Ki bar ta mana, ai wahalar ce karatun." Yanzu dokarmu ita ce: ba a buɗe amsa sai an gwada hanya biyu a rubuce.

Akwai abin da ke ba ni sha'awa game da kalmar kanta. Aljabara daga al-jabr take, cikin sunan littafin da al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma da wannan kalma Larabawa ke kiran ɗorin ƙashi. Duk wanda ya ga ƙashin da ya haɗe a karkace ya san wani lokaci sai an sake karya shi kafin ya miƙe. Yaron da aka tura aljabara bai fahimci rabi da sulusi ba, haka zai yi ta ɗingishi har jami'a.

Shawarata ga 'yan'uwa mata: kafin ki sayi komai, ki ba ɗanki tambaya ɗaya da ya iya, ki ce ya faɗa miki dalili, in so samu ne da Hausa, don a nan hadda ba ta ceto. In ya kasa kuma yana mantuwa, Saxon. In yana son gani da ido, Singafo. In komai na zo masa da sauƙi har ya fara raina lissafi, ki ba shi abin da zai tsayar da shi.

Mu dai wata huɗu ke nan muna babi na huɗu, kuma na daina shela a zauren dangi. Makon jiya ta yanka lemo shida gida bibbiyu, ta jera wa ƙanenta, ta ce ya ƙirga rabi nawa ne a ciki.