Babbaƙu da Farfaru: Nazari kan Hanyar Koyon Karatu ta Makarantar Allo

Tun da aka fara tara malaman firamare ana yi musu bita kan abin da ake kira foniks, wato koyar da karatu ta hanyar danganta kowane harafi da sautinsa sannan a haɗa sautukan su ba da kalma, wani ra'ayi ya yaɗu tsakanin 'yan boko cewa ƙasar Hausa ba ta san wannan hanya ba sai yanzu, kuma abin da ake yi a makarantar allo hadda ce zalla wadda ba ta koya wa yaro gane harafi. Wannan hukunci ne na wanda ya jiyo hayaniyar almajirai daga bayan danga bai shiga zaure ya duba allo ba, domin matakai biyu na farkon karatun allo, babbaƙu da farfaru, ba su da wani aiki sai wannan da ake cewa an rasa.

Turawa sun daɗe suna jayayya a kan lamarin. A 1955 Rudolf Flesch ya wallafa littafi a Amurka yana sukar hanyar nuna wa yaro kalma ɗungurungum a ce ya riƙe siffarta, aka shafe shekaru ana kai ruwa rana, har wani kwamitin ƙasa na Amurka ya goyi bayan koyar da sauti bisa tsari a 2000, rahoton Jim Rose ya yi haka a Ingila a 2006. Shirin Jolly Phonics da ya shigo makarantun Nijeriya, wanda littafinsa na farko ya fito a 1992 ta hannun Sue Lloyd da Chris Jolly, daga wannan ɓangare ya fito. Makarantar allo kuwa ta riga wannan jayayya da ɗaruruwan shekaru, kuma ba ta taɓa shakkar cewa da harafi ake farawa ba.

Babbaƙu shi ne matakin da malam ke rubuta wa yaro haruffa tsirara a kan allo, ba wasali ko ɗaya, yaro yana bin su da yatsa ko tsinke yana kiran sunan kowanne. Ba a jeranta su bisa tsarin abajada ba, ana ɗauko su ne yadda suka zo a cikin ta'awwuzi da basmala da Fatiha da gajerun surori, shi ya sa abin da kowane tsohon ɗalibi ke fara tunawa shi ne alu, ambaki, wau, zal. Gwanintar tana cikin sunayen. Harafin Larabci yana sauya kama gwargwadon inda ya faɗo a kalma, farko ko tsakiya ko ƙarshe, kuma wannan shi ne babban abin da ke rikita mai koyo. Malaman Hausa sun warware shi ta hanyar raɗa wa kowace kama sunanta da Hausa. Ainun da ya zo a farkon kalma bakinsa a buɗe sai aka ce masa ambaki, wanda ya zo a tsakiya ya rufe sai aka ce an likkafa, saboda siffarsa ta likkafar doki ce, abin da yaro ke gani a jikin sirdi. Akwai ha babba da ha ƙarami, akwai ha kuri wanda ke naɗe a ƙarshen kalma, akwai ha ƙarami koma baya wanda jelarsa ta juya, akwai mim jaye da aka ja wutsiyarsa, akwai nun guda mai ɗigo ɗaya da nun ara na ƙarshe, sannan wasu haruffan da ɗigo ne kaɗai ya raba su da 'yan'uwansu ana ce musu masu ruwa. Sunayen sukan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, amma ƙa'idar ɗaya ce: galibi kashin farko na sunan yana ɗauke da sautin harafin, kashi na biyu yana kwatanta abin da ido ke gani.

Masu shirya littattafan foniks na zamani suna kashe ƙoƙari mai yawa wajen ƙirƙiro hoto da waƙa da motsin hannu ga kowane harafi don ya zauna a ƙwaƙwalwar yaro, suna kuma gargaɗin malamai da su guji sunayen haruffa a farko. Gargaɗin yana da dalili a Turanci, inda sunan w ba ya ɗauke da sautinsa ko kaɗan, sunan h a bakin yawancinsu bai fara da h ba. A babbaƙu wannan matsala ba ta taso ba, domin ba da sin da mim da lam kowanne da sautinsa yake buɗe baki, hoton da ake nema kuma yana cikin sunan tun asali.

Farfaru shi ne komawa kan waɗannan haruffa a sa musu wasula, kuma a nan ne ainihin haɗa sauti yake. Yaro yana koyon wasali bisa mai ba da a, da wasali ƙasa mai ba da i, da rufu'a mai ba da u, da ɗigon imala da ruwayar Warshu ta zo da shi, wanda masu ajami suka ɗauka suka rubuta e da shi, sai kuma ɗauri da shadda. Ba a barin baƙi ya fito shi kaɗai, ana kiransa, a faɗi wasalin da ke kansa, a furta abin da suka haifa tare: ba da wasali bisa ba, da wasali ƙasa bi, da rufu'a bu. Idan harafin da ke biye yana da ɗauri, wato alamar da ke nuna ba shi da wasali, sai yaro ya janyo shi ya rufe gaɓar da shi, bi ta zama bis. Shadda kuma tana koya masa cewa harafi ɗaya a rubuce yana iya zama biyu a baki, na farko ya rufe gaɓar baya, na biyu ya buɗe ta gaba. Bayan wannan ne ake tattara gaɓoɓin a karanta kalma a tafe ba tare da tsayawa kiran sunaye ba. A Alƙur'anan da alarammomi ke rubutawa da hannu ma, baƙaƙe da baƙar tawada suke, wasula da ja, ta yadda ido ke rarrabe aikin kowanne kafin a yi masa bayani.

Babbar sukar da ake yi ita ce yaron yana furta Larabcin da bai san ma'anarsa ba. Gaskiya ne, kuma babu amfanin musun cewa fahimta tana jinkiri ƙwarai a wannan tsari, ko cewa wani yaron yakan haddace allonsa da kunne alhali idonsa yana wani wuri, musamman inda almajirai suka yi wa malami yawa. Amma wannan aibin cunkoso ne, wanda ajin firamare mai yara sama da ɗari bai tsira daga gare shi ba. Game da rashin ma'ana kuwa, tun 2012 Ingila take yi wa yara 'yan kimanin shekara shida jarrabawar kalmomi 40, rabinsu ƙagaggu ne da ba su da ma'ana a Turanci, an sa su ne da gangan don a tabbatar yaro yana warware haruffa ne ba cinta yake yi ba. Abin da ake zargin makarantar allo da shi, shi ne ma'aunin da masu foniks suka zaɓa da kansu. Iya warware rubutu fasaha ce daban, fahimtar abin da aka warware fasaha ce daban, kuma farfaru ta farkon ta ɗauki alkawari.

Abin da ya fi muhimmanci ga malamin firamare shi ne cewa farfaru ya gina karatu a kan gaɓa, kuma gaɓa ita ce ma'aunin da ya dace da bakin Bahaushe. Gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Babu kalmar Hausa ta asali da ke jera baƙaƙe uku a farkonta yadda Turanci ke yi, shi ya sa buƙatar da yaron Ingila ke da ita ta furta baƙi tsirara ya manna shi da wani baƙin ba ta kama yaron Kano ko Damagaram ba. Wanda ya iya ma da ka da ran da ta ya riga ya karanta makaranta. Tsofaffin malaman elemantare da suka riƙa rera ba, be, bi, bo, bu da yara sun bi wannan tafarki, kuma raina su da ake yi yanzu da sunan sabon ilimi kuskure ne.

Lahani yana fitowa fili idan aka fara wa yaro da sautukan Turanci kafin ya karanta harshensa. Turanci yana rubuta sautuka kusan 44 da haruffa 26, Jolly Phonics yana koyar da 42 daga ciki, kuma rukuninsa na farko, s, a, t, i, p, n, yana ɗauke da p wanda Hausa ba ta rarrabe shi da f. Yaron da aka koya wa cewa c tana ba da sautin k zai karanta cika a matsayin kika, wanda aka koya wa u ta Turanci zai kusantar da ita ga a, sannan ɓ da ɗ da ƙ da ts da 'y, waɗanda yake furtawa tun yana goye, ba su da gurbi a shirin sam. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara da harshen uwa ko harshen yankin, shirye-shirye irin su RANA a Katsina da Zamfara da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato kuma sun yi littattafan fara karatu da Hausa, amma makarantun kuɗi da yawa har yanzu suna ganin Hausa a aji abin kunya ne.

Akwai ma inda allo ya fi boko nesa ba kusa ba. Rubutun boko, tun makarantar Baturen da ake kira Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano a 1909 har zuwa lanƙwasassun haruffan da aka amince da su a shekarun 1930, bai taɓa nuna tsawon wasali a rubutun yau da kullum ba. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka suna na mutum da suna ta masu aiki, haka dafa abinci da dafa kafaɗa, haka baƙi na launi da baƙi masu sallama. Babba yana ganewa daga jimla, amma mai koyo da aka ce masa kowane harafi sauti ɗaya yake da shi, sai ya tarar wasula biyar suna aikin goma, kuma a nan ne yakan koma cinta. Ajami yana da hanyar raba su, yana ja da alu ko wau ko ya, kuma ɗan farfaru ya san bambancin ba da baa tun kafin ya kai izu guda. Karin sauti kam duka rubutun biyu sun bar shi.

Saboda haka littafin aji ɗaya da na aji biyu ya kamata su nuna dogon wasali, ko da ninka harafi ko da ɗan layi a kansa, a janye alamar sannu a hankali daga aji uku, yadda ake janye wasula ga mai karatun Larabci idan ya ƙware. Kwalejojin horon malamai na Arewa kuma su sa babbaƙu da farfaru cikin darasin dabarun koyar da karatu, su gayyato alarammomi su koyar da shi da bakinsu.