Wasan da Duniya ta Ƙi: Tarken Ɗanɗano Daga Bakin Kogin Haɗejiya

Gabatarwa

A ranar 30 ga Satumba, 2021, kamfanin Konami na ƙasar Japan ya fitar da wasan ƙwallon ƙafa na bidiyo mai suna eFootball 2022, domin ya gaji tsohon jerin wasanninsa na PES da matasan Arewa suka tashi da shi a gidajen gem. Kafin a kwana biyu, duniya ta yi masa caa. An yi ta yaɗa hotunan fuskokin Messi da Ronaldo a karkace, da ’yan wasa masu gudu hannuwa a baya kamar an ɗaure su. A dandalin Steam, waɗanda suka yabe shi ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, shafin Metacritic mai tattara makin masu sharhi kuma ya sanya shi a ƙarshen jerin wasannin shekarar. Kamfanin da kansa ya fito ya ba da haƙuri.

Ni kuwa wannan wasa nake so. Manufar wannan maƙala ita ce ta binciki abin da ke faruwa idan hukuncin matarka ya ci karo da jin daɗin mai wasa, da kuma wanda ya cancanci a saurara a cikinsu.

Dare a Kan Jinga

A daminar 2022 kogin Haɗejiya ya cika ya batse. Ruwa ya shafe gonakin shinkafa a yankunan Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma, matasan gari kuma suka duƙufa wajen cika buhuna da ƙasa ana ƙarfafa jinga. Ina cikinsu. Idan aiki ya lafa da dare, mukan zauna gadin ruwa mu biyar ko shida, da waya ɗaya mai sauran caji. Wanda aka ci ya miƙa wa na kusa da shi. A lokacin an riga an sauya wa wasan suna zuwa eFootball 2023, an kuma yi masa gyare-gyare, sai dai baƙin jininsa bai bar shi ba.

Wani dare wani abokina da ke karatu a Kano ya leƙa wayar, ya ce: “Haba malam, har yanzu wannan tarkacen kuke bugawa? Ai duniya ta gama da shi.” Na ji kunya ta kama ni, har na ce masa ai don babu wani ne. Ƙarya na yi. Da na tambaye shi daga baya ko ya taɓa buga wasan, sai ya ce a’a, a YouTube ya ga ana zaginsa. Ashe shi aron ƙiyayya ya yi, ni kuma na yi aron kunya. Dukkanmu mun bar wani da bai san Haɗejiya ba ya yanke mana hukunci kan abin da ke hannunmu.

Gaskiyar Matarka

Adalci shi ne a fara da abin da matarka suka faɗa daidai. Wasan ya fito bai nuna ba. Ƙungiyoyi 9 kacal aka ba mai wasa ya zaɓa a farkon fitowarsa. An cire sashen Master League, inda mutum kan riƙe ƙungiya kaka bayan kaka yana saye da sayar da ’yan wasa, alhali shi ne ruhin PES a wurin masoyansa da yawa. Sai a Afrilun 2022 aka fitar da abin da kamfanin ya kira cikakken wasa. Duk wanda ya musanta waɗannan, so ne ya hana shi ganin laifi.

Amma kowane ma’auni da abin da aka ƙera shi ya auna. Mai sharhin Landan ko Tokyo ya gwada wasan a babban allo, da wutar da ba ta ɗaukewa, shi kaɗai a ɗaki, yana kwatanta shi da FIFA 22 da ake sayarwa a lokacin kan dala 60 zuwa 70. A kan jinga kuwa, ba mu ba da ko kwabo ba wajen sauke shi, sai kuɗin data. Fuskar da ta karkace a babban allo ba ta ko fitowa sosai a allon da bai wuce tafin hannu ba. Rashin Master League babbar asara ce ga mai awa huɗu na hutu. Mai jiran layinsa na minti shida bai ma lura da ita ba.

Akwai kuma abin da aka lissafa a matsayin aibi, ni kuwa shi ne ya riƙe ni: nauyin wasan. Ɗan wasa ba ya juyawa nan take, ƙwallo ba ta manne wa ƙafa, mai gaggawa kuma yakan rasa ta. Wanda ya saba da wasannin da ake tsere da ƙwallo daga raga zuwa raga zai kira wannan sanyin jiki. Amma duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a filin yashi na unguwa ya san haka take: sai ka tsayar da ita, ka ɗaga kai, ka nemi ɗan’uwanka. Wasan yana hukunta mai son kai, yana saka wa mai haƙuri. Wannan dalili ne da za a iya nunawa a gardama, a yarda ko a ƙi, kuma shi ya raba tarke da son zuciya.

Ko a tsakanin matarkan kansu bakin ba ɗaya ba ne. A 2010, wasan Deadly Premonition ya sami maki 2 cikin 10 daga shafin IGN, shafin Destructoid kuma ya ba shi 10 cikin 10. Wasa ɗaya ne, shekara ɗaya, ido ne ya bambanta. Mu da muke da kasuwar busassun kwaɗi a Haɗejiya, waɗanda yawancinmu ba ma ci amma ake lodinsu zuwa kudancin ƙasa, bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Abincin wani, gubar wani.

Mun Taɓa Ganin Irin Wannan

Ɗalibin adabin Hausa ya san wannan rigima tun kafin zuwan wayar hannu. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa suka fara buga littattafan soyayya da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, aka yi ta rububinsu a kasuwanni da shagunan haya. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu sunan adabin kasuwar Kano, yana ganin ba su kai matsayin adabi mai ɗorewa ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu, aka shafe shekaru ana musayar alƙalami a jaridu. A 2007 har ƙona irin waɗannan littattafai aka yi a Kano.

Masu sukar ba su rasa hujja ba: akwai kurakuran rubutu, da labarai masu kama da juna, da bugu marar inganci. Abin da ma’auninsu bai kama ba shi ne abin da matar aure a cikin gida take samu a littafin: labarin kishiya da auren dole da saki, cikin harshen da take magana da shi. Yau ana rubuta kundayen digiri a kan waɗannan littattafai a jami’o’inmu. Littattafan ba su sauya ba. Tambayar da ake yi musu ce ta sauya. An bar tsayawa kan “ya kai ko bai kai ba”, an koma “me yake yi wa mai karanta shi”.

Ba ina cewa eFootball zai sami irin wannan daraja ba. Kayan kasuwa ne na babban kamfani, ba muryar al’umma ba. Darasin da nake ɗauka shi ne cewa hukuncin da bai tambayi mai amfani da abu ba, rabin hukunci ne.

Inda So Ya Kamata Ya Tsaya

Da zan tsaya a nan, da na zama ɗan kanzagi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yoyon wannan wasa a wurinmu ba fuskar Messi ba ce. Kyauta ake ba da shi, amma a ciki ana sayar da sulalla da kuɗi na gaske, mutum ya zuba su yana fatan sa’a ta ba shi gwarzon ɗan wasa. Wannan ya yi kusa da caca fiye da yadda masoyansa ke son amincewa. Na ga wanda ya zuba kuɗin aikin cirar shinkafa na mako guda bai sami wanda yake nema ba. Wasan waya kuma ba ya tafiya sai da intanet, don haka kowane wasa yana cin data. Ga lokacin karatu da na salla da yake lashewa idan aka sake masa linzami. Waɗannan su ne laifuffukan da matarkin da ya tashi a nan zai sa a gaba, kuma ba zai gan su ba sai ya riƙe wayar da hannunsa.

Kammalawa

Jin daɗin abu ba hujja ba ce ta ingancinsa, ƙarancin maki kuma ba ya soke daɗin da aka riga aka ji. Aikin matarki shi ne ya riƙe biyun tare: ya faɗi aibin abu ba tare da tsoro ba, ya kuma bayyana dalilin da ya sa ake son sa ba tare da raini ba. Ɗalibin da ya koyi ɓoye abin da yake so domin manya sun ƙi shi, gobe zai yabi littafin da bai karanta ba domin manya sun yabe shi. Daga nan tarke yake komawa hadda.

Ruwan 2022 ya janye, an koma gona. Da abokin nan nawa ya dawo hutu, na gaya masa gaskiyar da na ɓoye a daren jinga: wasan yana da aibi, na san su ɗaya bayan ɗaya, kuma ina son sa. Na miƙa masa wayar na ce ya buga tukuna, sannan mu yi gardama.